Allon da Ba a Wankewa

Mun tashi daga Matameye ranar Laraba, ana fitowa daga sallar asuba. Na ce "mun", amma daga gidana ni kaɗai na fito. Na ja ƙofa, na sa kwaɗo, na ɗan tsaya ina tunanin ko da wanda zan yi wa sallama, babu. Mai ɗakina ta rasu bara kafin faɗuwar damina, Allah ya jiƙanta. Ƴaƴana maza uku suna cin rani a Najeriya, ɗaya a Kano, biyu a Ikko. Autata kuwa, wadda nake ce wa Uwani saboda sunan mahaifiyata gare ta, tana koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta wani ƙauye a ƙasar Yauri ta nan Nijar. Wurinta na nufa.

Kwana biyu kafin nan ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce an kawo wa makarantarsu waɗannan alluna na gilashi da ake kira tablet, yara sun yi watanni suna karatu da su lafiya, sai ga shi yanzu iyaye sun hana ƴaƴansu zuwa. Ana cewa a gari wai tana zuba sunan Allah a kwandon shara. Ansifekta, wato mai duba makarantu, ya aiko cewa zai zo ranar Litinin, in ya tarar ba a aiki da allunan zai kwashe su ya kai wata makaranta. Ta ce, "Baba, in da hali ka zo. Ko gaisuwata an daina amsawa." Ban san komai game da waɗannan alluna ba. Iyakar abin da na sani tawada da alƙalami da takarda. Amma ƴarka ba za ta kira ka da irin wannan murya ka tsaya kana cewa ba fanninka ba ne.

A tasha na sha kunu da ƙosai a tsaye. Motar da muka samu irin ta ƴan kasuwa ce, ƙofar gaba da igiya ake ɗaure ta. Direba ya ce jaka guda, wato dala ɗari biyu, na ce ai bara dala ɗari da hamsin ne, ya ce bara ma ai ni ban kai haka tsufa ba, komai gaba yake yi. Saboda rawani aka ba ni gidan gaba, girmamawar da ta zame mini wahala, don mu uku ne a kujerar mutum ɗaya, kuma duk lokacin da direba zai sake giya sai ya nemi gafarar gwiwata. A baya kusan duk mata ne, da tsofaffi biyu, da buhunan albasa, da akuya ɗaya da ta fi kowa magana.

Ba mu jima a kan gudron, wato kwalta, ba muka sauka hanyar jar ƙasa, daga nan kuma sai rairayi. Farkon bazara ne. Gonaki fayau, an kwashe kara, amma gawo ya yi kore shar ko'ina, awaki na tsintar ƴaƴansa a ƙarƙashi. A fadamu ana yankan raken ƙarshe, mangwaro ya fara nuna. Duk ƙauyen da muka ratsa kamanninsa ɗaya: mata a bakin rijiya, tsofaffi a gindin bango, maza majiya ƙarfi duk sun yi kudu. Wata mata a bayana ta kunna saƙon muryar mijinta, ta saurara, ta sake kunnawa, har sau uku. Kafin mu kai zango duk motar ta san ya warke daga zazzaɓi, kuma ya ce kada a sayar da tunkiya.

Na yi dariya tare da kowa, amma abin ya taɓa ni. Shekara talatin da wani abu na yi ina zama a bakin kasuwar Matameye ina rubuta wa irin waɗannan mata wasiƙa da ajami, in amsa ta zo kuma in karanta musu. Na san wanda ya yi aure a can bai faɗa ba, na san wanda ke kuka a cikin takarda. Yanzu kowace mace na da magatakarda a ƙullin zaninta. Ban yi baƙin ciki da sauƙin da suka samu ba. Sai dai na laluba aljihu na taɓa tawa wayar, wadda ta yi wajen wata huɗu saƙon murya bai shigo mata ba. Yaran kan kira jifa-jifa, a gaisa a gurguje saboda tsadar kira daga can. Na ɗauka aiki ne ya yi musu yawa, kuma uba ba ya roƙon gaisuwa.

Inda motar ta tsaya na sayi fura a wajen wata Bafulatana, nonon ya yi tsami amma da sanyi. Daga nan sauran tafiyar a amalanken wani dattijo na yi ta, shanu biyu na ja. Mutumin ba mai magana ba ne, ni ma ranar ban da ita. Muka yi ta tafiya, ba ka jin komai sai ƙarar ƙafa da kukan kurciya. Da na faɗa masa inda za ni sai ya dube ni ya ce, "Kai ne mahaifin Madam?" Na ce ni ne. Ya ce, "Allah ya kyauta," bai ƙara ba har muka isa.

Lakwal ɗin tana bayan gari: aji biyu na siminti, ɗaya na zana, da faifan sola a kan rufi. Direktan ya tafi Damagaram jinya, ɗayan mushen, wato malamin, kuma an sauya masa wuri ba a kawo wani ba, saboda haka Uwani ce kaɗai. Na tarar da ita a gaban yara bakwai a ajin da aka yi don mutum hamsin. Ta rame. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta kawo ruwa, ta tambayi gida, na ce gida lafiya, duk da mu biyun mun san ba kowa a gidan.

Da ta sallami yaran sai ta jawo akwatin ƙarfe ta buɗe. Alluna ashirin ne a jere, kowanne bai fi tafin hannu biyu ba. Ta kunna ɗaya ta nuna mini manhajar da ke ciki. Harafi zai fito, na boko ko na Larabci, murya ta faɗi sunansa, yaro ya bi shi da yatsa. In ya yi gaba sai a buɗe masa farin shafi ya rubuta da kansa, sannan ya karanta da baki, allon ya ɗauki muryarsa. Da yamma ita kuma ta zauna ta saurari kowa ɗaya bayan ɗaya, ta san inda ya tsaya. Ta ce akwai ƴan mata uku da shekara biyu ba ta taɓa jin sun buɗe baki a aji ba, a cikin allon nan ta fara jin muryarsu, ashe ɗaya daga ciki ta fi kowa karatu.

To amma yaran garin an yi musu tarbiyya. Ba wanda zai fara rubutu bai sa Bismillah a saman shafi ba, ba wanda zai fara karatu bai faɗe ta ba. Ko lissafi ne, biyu a tara da uku, sai an buɗe da ita. Haka aka yi ta tarawa har allunan suka cika, suka ƙi karɓar sabon aiki sai an rage na da. Ita kuma, ba tare da wani tunani ba, ta danna wurin sharewa a gaban yara. Ta ce, "Bari ka gani, Baba." Ta zana layi a wani shafi, ta taɓa gefe. Sai na ga shafin ya dunƙule ya faɗa cikin hoton kwandon shara, har da ɗan sauti irin na takardar da aka cukuikuye. Ranar da ta yi haka da shafin wata yarinya, yarinyar ta fashe da kuka, ta kai labari gida. Kafin magariba Liman ya ce kada a sake taɓa allunan.

Ba zan ɓoye ba, ni ma abin ya ɓata mini rai da na gani. A gidana akwai akwati biyu cike da tsofaffin wasiƙu da masu su suka bar mini, ban iya zubar da ko ɗaya ba, don kowace da sunan Allah ta fara. Mu da muka tashi da allon itace, ruwan wankinsa ma ba a zubar da shi inda ƙafa ke takawa. Na ce mata, "Da ni ne limamin garin nan, abin da zan yi ke nan."

Ta dube ni idonta ya ciko. "Baba, har da kai?"

"Har da ni. Amma ban zo don in tsaya a nan ba. Miƙo in gani."

Na rubuta baiti ɗaya da ajami da ɗan yatsana, daga dama zuwa hagu. Abin ya karɓa bai yi gardama ba, layin ya fita sumul, sai dai ba ƙamshin tawada, ba ƙarar alƙalami. Na jima ina juya shi. Na tambaye ta ko rubutun ba shi da wata ƙofar fita sai ta kwandon. Sai ta tona ƙasan akwatin ta fito da wasu ƴan katuna na ajiya da aka haɗo da su, kowanne bai kai farcen babban yatsa ba. Ta ce ana iya mayar da komai cikin wannan. Ta gwada, na ga shafukan suna wucewa ɗaya bayan ɗaya, ba kwando, ba cukuikuyewa. Na ce, "Ai wannan ƙaura ce."

Ta ce, "Baba, kada in ruɗe ka. Kwafa yake yi a can, sannan ya share na nan. Kwandon ne kawai ba ya nunawa."

Na ji daɗi da ta faɗa, kuma na ji nauyi, don da ta yi shiru da aikina ya fi sauƙi.

Bayan la'asar na tsaya a masallaci. Liman tsoho ne ƙwarai, siriri, idonsa ɗaya ya yi fari, amma ɗayan yana aikin biyu. Muka gaisa doguwar gaisuwa, ya fasa goro ya ba ni rabi. Dattawa biyar suka matso.

Ya ce, "Malam na birni. An aiko ka ka koya mana addini?"

Na ce, "Allah gafarta Malam, Matameye ce birni? Ai ko Damagaram ba ta yarda ba. Tambaya na zo yi."

Na tambaye shi yadda suke yi da takardun da suka tsufa suka yage. Ya nuna mini wani tulu a alkukin masallaci, ya ce nan ake tarawa, in ya cika a haƙa rami a wuri mai tsarki a binne. Sai na sa aka kira Uwani da allo ɗaya. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ta nuna musu yadda shafuka ke komawa cikin katin, ta zare shi ta ba ni, na ɗora a tafin hannun Liman. Na ga fuskokinsu sun fara sakewa. A nan Shaiɗan ya ce mini in yi shiru. Na nemi tsari, na faɗa musu abin da ta faɗa mini, cewa kwafa ake yi sannan a share.

Wani dattijo mai jar hula ya ce, "To ai sharewar ce dai. An sake mata riga."

Na ga Uwani ta sunkuyar da kai, na san tana ƙirga kwanakin da suka rage kafin Litinin. Liman ya kawo katin kusa da idonsa mai gani, ya juya shi, ya sake juyawa. Can ya ce wa mai jar hula, "Alhaji, lokacin da kake gaban mahaifina, yaushe ake ba ka izinin wanke allo?"

"Sai na haddace."

"Kai kam sai an yi sati." Aka yi dariya. "To in abin ya riga ya koma wurin da za a kiyaye shi, wankewa ba wulaƙanci ba ce. Ni abin da ban yarda da shi ba kwandon nan ne, kuma har gobe ban yarda ba."

Ya kafa sharaɗi uku. Kada hannun kowa ya sake zuwa kan kwandon. Katin in ya cika a naɗe shi a farar takarda a kawo tulun masallaci. Daga yanzu kuma yara su riƙa yin Bismillah da baki kafin su danna, ba sai sun rubuta ko sun ɗauka ba, don wanda ake yi dominsa yana ji. Sannan ya juya wajen ƙofa ya ce, "Madam, ƴata, da kin zo tun farko ai da ba a kai haka ba."

Ta ce, "Baba Liman, sau uku na zo."

Ya ce, "Kin zo da bayani. Ba ki zo da tulu ba."

Daga nan har rana ta faɗi muna aikin ƙaura, ita tana dannawa, ni ina yanka takarda ina naɗewa, ina rubuta a bayan kowane ƙunshi abin da ke ciki. Na daɗe alƙalamina bai yi aikin da wani ke jira ba. Kafin isha wata mata ta aiko da tuwon gero da miyar kuka, ba ta faɗi sunanta ba. Uwani ta ce sati uku ke nan rabon da kwano ya shigo ɗakinta.

Da safe yara suka yi ta ɓullowa ta hanyoyin gonaki. Ba duka suka dawo ba, amma benci ya cika har wasu suka zauna a tabarma. Na samu wuri a bayan aji. Suka haɗa baki suka yi Bismillah, aka raba alluna, yaro biyu ko uku a kan ɗaya. Nan da nan ajin ya kaure, wannan yana kan baƙaƙe, wancan yana haɗa kalma, wata tana ƙirga mangwaron da ke zane. Na rufe ido sai na ji kamar zauren malaminmu ne, inda kowa ke karatun inda ya tsaya, ba wanda ke jiran wani. Ban zaci zan tarar da wannan a cikin gilashi ba. Akwai abin da bai gamsar da ni ba: yatsa a kan santsi ba ya koya wa hannu nauyin alƙalami, kuma na ga yaro mai ƙarfi yana danne allo ya bar abokin zamansa da kallo. Na faɗa mata, ta ce ta sani, shi ya sa bayan kowane darasi take sa su kwafa a littafi.

Da hantsi na yi shirin komawa. Ta rako ni gindin wani gawo inda masu kabu-kabu ke tsayawa. A nan ta ce, "Baba, su Yaya suna ƙorafi. Wai suna aiko maka saƙo ba ka amsawa."

Na ce ban ga saƙon kowa ba. Ta karɓi wayar ta duba, ta ɗago kai a hankali.

"Ta cika. Ba ta tambaye ka ka rage wani abu ba?"

"Ta tambaya. Na ƙi."

Ba ta ce don me ba, ta riga ta ga sunan. Saƙonnin mahaifiyarta ne, na shekaru, tun daga ranar da yaran suka saya mana wayoyin. Ba wata magana mai nauyi a ciki. Uwani ta taɓa ɗaya, muryar ta fito a gindin gawon nan kamar tana bayan zana: "Malam, in za ka taho ka biyo da kanwa, kuma kada ka tsaya hira." Muka tsaya mu biyu ba mai kallon wani. Mai kabu-kabu ya kashe mashin ɗinsa da kansa.

Ta ciro wani kati nata daga jaka, ta buɗe bayan wayar ta sa, ta yi ƴan danne-danne. Na ce, "Uwani, a hankali." Ta ce, "Ba kwando, Baba." Da ta gama ta sake kunna saƙon kanwar don in tabbata, ta miƙo mini. "Tana nan. Ɗaki kawai ta sake."

Komawa ta fi zuwa wuya. Ba motar kasuwa ranar, sai mashin har bakin babbar hanya, rairayi na kama ƙafa, sau biyu na sauka na taka. Rana ta buɗe sosai. Na sayi rake guda na riƙe, na manta ban da haƙoransa. A babbar hanya na samu mota. Muna dosar gudron, inda rezo, wato sabis ɗin waya, ke kamawa, wayar ta fara motsi a aljihuna. Ta yi, ta sake, ta ci gaba kamar an saki kaji daga akurki. Wanda ke kusa da ni a mota ya ce, "Malam, ana nemanka." Na ce na ji. Ban buɗe ba. Ban so motar ta san labarin gidana kamar yadda ta san na mai tunkiya.

Na iso Matameye bayan azahar. Kwaɗon yana yadda na bar shi, tsakar gida ganyen darbejiya ya zuba ba mai sharewa. Daga baya, ranar Litinin, Uwani ta kira ta ce ansifekta ya zo ya tarar ana karatu, ya bar musu allunansu, har ya tambayi dalilin da katunan ajiya ke masallaci, ta ce masa doguwar magana ce.

Abin da na ɗauko daga wannan tafiya ba shi da yawa. Mutanen ƙauyen nan ba ƙin ilimi suka yi ba, abin da suke girmamawa suka ga an jefar, kuma wanda ya ƙera allon bai taɓa zama a zaure ya ga yadda ake wanke allo ba. Duk mai kai irin wannan kaya makaranta, ya fara tambayar mutane inda suke ajiye abin da ba sa zubarwa. Ni kuma na tafi gyara wa yara allon da ya cika, ban san nawa ya fi nasu cika ba. Wata huɗu ina zaune ina cewa an manta da ni, alhali ni na tare ƙofa.

Ranar da na iso ɗin, na yi alwala, na shimfiɗa tabarma a inuwa, na fara daga saƙo na farko. Babban ne, daga Ikko, ana jin ƙarar motoci a bayansa, tun lokacin sanyi. Cewa kawai ya yi, "Baba, ina kwana. Ka tashi lafiya?" Na bayansa ma haka, na bayan wancan ma haka, su uku suna karɓa-karɓa, kusan kowace safiya. Na yi niyyar in amsa su duka, ɗaya bayan ɗaya, yadda suka zo. Na yi Bismillah da baki, na danna, na ce, "Lafiya lau na tashi. Yanzu gaisuwarka ta iso."